Gwanintar da Ba a Rubuta Ba, Ba Ta Ƙetare Iyaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wasu masu neman aiki a ƙasashen waje waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba. Duk lokacin da aka tayar da zancen fita ƙetare, ko dai a yi ta jimamin likitoci da ma'aikatan jinya da ke barin asibitoci, ko kuwa a yi ta ba da labarin matasan da suka halaka a hamada da teku. Tsakanin waɗannan biyu akwai jama'a masu ɗimbin yawa da ba su da digiri, ba su kuma da niyyar bin ɓarauniyar hanya, wato masu walda da kafintoci da magina da masu aikin famfo da masu haɗa wutar lantarki da kanikawa da masu gyaran firji. Su ne ƙasashe masu arziki ke cewa suna nema ruwa a jallo, su ne kuma suka fi kowa shan wuya kafin su sami izini.

Ni mai aikin wutar lantarki ne. Na yi shekara 7 a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, kafin ya yaye ni, na kuma yi wasu 11 ina cin gashin kaina kafin tunanin fita ya zo mini. Wani kamfanin gine-gine na ƙasar waje ya nemi ma'aikata, na nema, aka yi mini tambayoyi ta waya, na amsa su duka ba tare da na yi gumi ba, domin babu abin da suka tambaya wanda hannuna bai taɓa ba. Daga nan sai suka ce in turo takardar shaidar kammala koyon sana'a, da wasiƙun wuraren da na yi aiki masu nuna ranar farawa da ranar gamawa, da takardun biyan albashi. A nan ne ido ya raina fata. Maigidan da ya koya mini ya rasu, shagonsa ya watse, mutanen da na haɗa wa wuta a gidajensu hannu da hannu suka biya ni, kuma iyakar shaidar da na mallaka ita ce hoton da aka ɗauke mu ranar yaye. Shekara 18 na aiki, a idon jami'in da ke duba fayil ɗina, daidai suke da babu. Aka ɗauki wani yaro da bai kai rabin shekaruna a sana'a ba, saboda shi ya bi ta makarantar koyon sana'a, yana da satifiket mai hatimin hukuma. Na ji haushi ƙwarai a lokacin, amma da na natsu sai na gane ba a zalunce ni ba, domin mutumin da ke zaune a ofis a wata nahiya ba ya ganin hannuna, takarda kawai ke gabansa. Sai da na shafe shekara 3 ina haɗa abin da ya kamata a ce na soma tarawa tun ranar da na fara riƙe filaya, sannan na sami fita, na yi shekaru a waje na dawo.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne zaton da suke yi cewa takarda ɗaya ake nema, wato biza, alhali takardu uku ne, kuma sau da yawa hukumomi daban-daban ne ke bayar da su. Biza izinin shiga ƙasa ce. Izinin aiki shi ke halatta wa baƙo karɓar albashi, kuma a ƙasashe da yawa a ɗaure yake da sunan kamfani guda da irin aiki guda. Na ukun, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne lasisin sana'ar kanta, wanda ko ɗan ƙasa sai ya mallake shi kafin a bar shi ya taɓa wayar wuta ko bututun gas a gidan mutane. Mutum yana iya samun biyun farko ya sauka lafiya, sannan ya tarar doka ba ta yarda ya yi aikin da ya zo dominsa ba sai a ƙarƙashin wani. A Birtaniya laifi ne mutum ya yi aikin gas idan ba ya cikin rajistar da ake kira Gas Safe, komai daɗewarsa a sana'ar. A Ostiraliya mai aikin wuta da ya zo daga waje, ko da an gwada shi an gamsu, lasisin wucin gadi ake fara ba shi, ya yi aiki a gaban idon mai cikakken lasisi, ya kuma yi ƙarin karatu a kan ƙa'idojin ƙasar, kafin a sakar masa mara. Ita kuwa bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ko ta ibada, ba ta rikiɗa ta zama izinin aiki don kawai mutum ya riga ya shiga, kuma wanda aka kama yana aiki da ita, tara da tsarewa da kora ne rabonsa.

Bari in ɗauki Jamus, domin ita ake yawan ambata yanzu, kuma tsarinta ya fi fito da abin da nake nufi a fili. A ranar 1 ga Maris 2020 dokar shigo da ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a can, wadda ta buɗe wa mai sana'ar hannu daga wajen Tarayyar Turai ƙofar da aka daɗe da buɗe wa mai digiri. An ci gaba da sassauta ta daga ƙarshen 2023, har aka fito da katin da suke kira Chancenkarte, wato katin dama, a watan Yunin 2024, wanda ke ba mutum izinin zuwa ya zauna har shekara guda yana neman aiki, yana kuma iya yin ƙaramin aiki na awa 20 a mako kafin ya samu. Wannan rabin labarin ne dillalai ke yawo da shi. Sauran rabin shi ne, da maki ake ba da katin, kuma kafin a fara ƙirga wa mutum makin, wanda ake buƙatar aƙalla 6, sai ya nuna ya yi koyon sana'a na shekara 2 ko fiye wanda gwamnatin ƙasar da ya yi koyon ta amince da shi, ya nuna yana jin Jamusanci a matakin farko ko Turanci a mataki mai zurfi, ya kuma nuna kuɗin da zai riƙe kansa da su tsawon zaman. Koyon da aka yi a shagon maigida, komai kyansa, idan babu hukumar da ta sa masa hannu, ba ya shiga lissafi.

Shi ma mai satifiket, idan yana son a ɗauke shi a matsayin cikakken ƙwararre, da sauran tafiya a gabansa. Tun 2012 akwai dokar da ta ba kowa, ko daga ina ya fito, damar a auna takardarsa da takwararta ta Jamus, kuma majalisun masu sana'a na yankuna ne ke duba ta kafinta da magini da mai aikin wuta. Ban da satifiket, suna neman manhajar da aka koyar, darasi bayan darasi, da adadin awannin aji da na aikin hannu, a fassare ta hannun mai fassarar da hukuma ta yarda da shi. Sai su ɗora ta a kan tasu, wadda ga mai aikin wuta shekara 3 da rabi ce tsakanin makaranta da kamfani, su ga inda aka yi daidai da inda aka sami giɓi. Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne amincewa da wani ɓangare, tare da jerin abin da ya rage. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin faɗuwa, su yi fushi su watsar, alhali da wannan takarda ce ake neman izinin zuwa a cike giɓin a can. A nan ne kuma wasiƙun wuraren aiki suke rana, saboda shekarun aikin da aka tabbatar a rubuce suna iya rufe abin da manhaja ta bari. Akwai ma gwajin da ake yi wa wanda takardunsa suka ɓace ko suka ƙone, a sa shi gaban gwani ya yi aikin da hannunsa, sai dai an tanade shi ne ga wanda ya taɓa mallakar takardar. Wanda kuma ke mafarkin buɗe shagon kansa da zarar ya sauka, ya sani akwai sana'o'i 53 waɗanda a bisa ƙa'ida sai mai matsayin Meister, wato babban gwanin da ya ci jarrabawa ta musamman, ko wanda ya ɗauki irinsa aiki, zai kafa kamfani a cikinsu, kuma aikin wuta da gini da famfo da gyaran mota duk suna ciki.

Kanada ta bi wata hanya, amma wuri ɗaya aka ɓulla. Shirinta na masu sana'ar hannu, wanda aka buɗe a 2013, bai ma tambayi takardar makaranta ba, abin da ke sa mutane murna da wuri. Abin da ya tambaya shi ne shekara 2 na cikakken aikin da aka biya a cikin shekaru 5 da suka gabata, wato awa 3,120, da jarrabawar Turanci ko Faransanci, sannan ko dai tayin aiki na aƙalla shekara guda ko takardar ƙwarewa daga ɗaya daga cikin lardunan ƙasar, wadda galibi sai mutum ya je can an gwada shi. Wasiƙar da ake karɓa a matsayin shaidar waɗannan awanni sai ta zo a kan takardar kamfani mai adireshi da lambar waya, ta faɗi muƙami da ayyukan da mutum ke yi da awannin mako da albashi. Mai zaman kansa ba a karɓar shaidarsa a kan kansa, sai ya kawo ta waɗanda ya yi wa aiki da alamar biyan da suka yi masa. A watan Maris na 2025 gwamnatin ƙasar ta daina ba da ƙarin maki saboda tayin aiki a tsarin da take zaɓen masu nema da shi, domin an mayar da takardun tayin hajar sayarwa.

Birtaniya kuwa ƙofarta ƙara tsukewa take yi. Lokacin da aka fito da bizar ƙwararrun ma'aikata a Disamban 2020, mafi ƙarancin albashin da ake nema fam 25,600 ne a shekara. A Afrilun 2024 ya tashi zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya kai 41,700, aka kuma ɗaga matakin ƙwarewar da ake nema zuwa na digiri, in ban da wasu sana'o'i da aka bari a jerin wucin gadi, waɗanda masu shigowa ta cikinsu ba a yarda su zo da iyali ba. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don a ga yadda dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Hanyar da wani ɗan'uwa ya bi ya shiga shekara 3 da suka wuce tana iya zama a rufe yau, kuma shawararsa, duk da kyakkyawar niyyarsa, tana iya jefa mutum cikin asara.

Na sha jin abokan sana'a suna cewa wannan duk raini ne, wai an ɗauka ba mu iya ba. Ban ce babu raini a duniya ba, na kuwa gan shi da idona, amma a wannan batu akwai dalili. Ƙarfin wutar da ke shiga soket a Amurka da Kanada volt 120 ne, a Turai kuwa 230, kuma launin wayoyi da kaurinsu da yadda ake haɗa wayar kariya duk sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Gwanin da ya yi abin da ya saba a inda ƙa'ida ta bambanta yana iya ƙona gida da mutanen cikinsa. Mai walda ma haka abin yake. A gwajin da ake kira 6G ana kafe bututu a karkace, ba a juya shi, mai waldan ne zai zagaye shi ta sama da ƙasa da gefe, sannan a haska cikin waldar da na'ura, ko a yanko yanki a lanƙwasa a ga ko zai tsage. Waldar da ta yi kyau a ido tana iya faɗuwa, kuma ko wanda ya ci, a ƙarƙashin ISO 9606, wato ma'aunin duniya na gwajin masu walda, sai an riƙa tabbatarwa duk wata 6 cewa yana kan aikin, in ba haka ba takardar ta mutu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ganina abin da ya fi kayar da gwanayen da suka koya da ido shi ne karanta zanen aiki da yin lissafi a rubuce, kuma wannan abu ne da ake iya koya a cikin watanni idan mutum ya ajiye girman kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai koyon sana'a, ko yana da niyyar fita ko ba shi da ita, ya sami littafi tun yau ya riƙa rubuta aikin da ya yi da rana da wuri da awanni, maigida yana sa hannu duk ƙarshen wata. Wanda ya riga ya ƙware a shago ya nemi hukumar da ke gwada masu sana'a a ƙasarsa ya zauna jarrabawarta daga matakin ƙasa zuwa sama, ko da yana ganin ya fi mai gwada shi iyawa. Ni na zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, ban kuwa ragu da komai ba. Ya riƙa karɓar kuɗin aiki ta banki gwargwadon iko, ya riƙa ba da rasit yana ajiye kwafi, ya yi wa shagonsa rajista. Idan zai bar wani kamfani kada ya fita sai da wasiƙa a hannu, domin kamfanoni suna rushewa, manajoji suna tafiya, kuma wasiƙar da za a rubuta masa cikin minti 10 yau, bayan shekara 5 ko da kuɗi ba zai same ta ba. Ya fara koyon harshen ƙasar da yake nufi tun da wuri, amma ya jinkirta jarrabawar har sauran takardu su kusa kammala, saboda sakamakonta galibi shekara 2 yake aiki. Harshen kuma amfaninsa ya wuce biza, domin a wurin gini wanda bai ji an ce a kauce ba shi ne kaya ke faɗo wa. Akwai wani ƙaramin abu da ya tsayar da ni wata 8 cur, wanda har yau idan na tuna sai in yi dariyar takaici. Sunana a fasfo da sunana a satifiket sun bambanta da harafi ɗaya, shekarar haihuwa kuma ta bambanta da guda, saboda wanda ya cike mini fom tun ina yaro abin da ya ji ya rubuta. Ni a wurina ba komai ba ne, a wurin jami'in biza kuwa mutum biyu ne.

Masu sana'a da yawa ba Turai suke nufa ba, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suke zuwa, inda shiga ta fi sauƙi amma zama ke rataye a wuyan kafili, wato ɗan ƙasa ko kamfanin da ya ɗauki nauyin baƙo. An yi gyare-gyare na gaske. A 2020 Katar ta soke sharaɗin neman yardar mai kamfani kafin sauya wurin aiki, ta kuma kafa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da 500 na masauki da 300 na ciyarwa idan kamfani bai ɗauki nauyinsu ba. Saudiyya a Maris na 2021 ta ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya aiki bayan shekara guda bisa wasu sharuɗɗa, ko da yake masu aikin gida ba sa ciki, kuma a wannan shekarar ta fara gwada masu sana'a a rubuce da aikace, ke nan ko can ɗin ma takarda ta cim ma mu. Sai dai abin da ke cikin littafin doka daban, abin da ke faruwa a masaukin ma'aikata daban. Akwai abin da dillalai ke kira biza mai 'yanci, wai mutum ya shiga ya nemi aiki duk inda ya ga dama. Babu irin wannan biza a dokar waɗannan ƙasashe. Wani ne ya sayar da sunansa a matsayin kafili, baƙo yana biyansa, yana kuma aiki a wurin da doka ba ta san shi ba, kuma duk ranar da suka saɓa sai kafilin ya kai rahoton ya gudu. Akwai kuma sauya kwantiragi, inda mutum zai sa hannu a kan albashi guda kafin ya tashi, ya sauka a miƙo masa wata takarda da harshen da ba ya ji. A duba sana'ar da aka rubuta a biza da igama, wato katin izinin zama, domin mai waldan da aka rubuta masa lebura, albashin lebura da matsayin lebura zai samu. Kamfanin da na yi wa aiki ya karɓe fasfunanmu tun a filin jirgi da sunan ajiya, nawa bai dawo hannuna ba sai bayan wata 14, kuma a lokacin ban san doka ta hana su ba, ban kuma san Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana lissafa riƙe takardun ma'aikaci cikin alamomin aikin tilas ba.

Ba zan yi wa dillalan aiki, waɗanda ake kira ejan, kuɗin goro ba, domin akwai masu lasisi da ke aikinsu da gaskiya. Amma ya kamata kowa ya san ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997, cewa kamfanin samar da aiki ba zai ɗora wa ma'aikaci kuɗin sama masa aiki ba, mai ɗaukar aiki ne zai biya. Ba dukkan ƙasashe ne suka rattaba mata hannu ba, amma ma'auni ce mai kyau. A Kanada dala 1,000 da ake biya don neman izinin ɗauko baƙo a kan kamfani take, an kuma haramta masa karɓo ta daga ma'aikaci. A Birtaniya takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci lamba ce a kwamfutar gwamnati wadda kamfani mai lasisi kaɗai ke iya fitarwa, kuma sunayen kamfanonin suna shafin intanet na gwamnati, kowa na iya dubawa kyauta. Duk aikin da aka ce an samu ba tare da an yi wa mutum tambaya ko gwaji ba, aka kuma ce ya tura kuɗi asusun wani mutum kafin gobe, a yi nesa da shi. Illar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Wanda ya sayar da abin hannunsa ko ya ci bashi mai nauyi ya tafi, ba ya iya cewa a'a ga komai idan ya isa, saboda ya san abin da ke jiransa idan aka dawo da shi. Wanda kuma aka ce za a haɗa masa satifiket ko wasiƙar bogi, ya sani Kanada tana hana wanda ta kama da ƙarya shiga har shekara 5, Birtaniya har 10, kuma su biyun da Amurka da Ostiraliya da Niyuzilan suna musayar bayanan zanen yatsa. Takardar bogi guda da aka kama tana kuma jawo zargi a kan duk masu ta gaskiya daga wannan makaranta.

Gwamnatocin ƙasashen da ma'aikata ke fitowa suna da abin koyi a Filifin, wadda tun 1982 ta kafa hukumar kula da masu aiki a ƙetare, ta kuma kafa hukumar koyar da sana'o'i da gwada masu su a 1994. A can ana tantance kwantiragi kafin ma'aikaci ya tashi, ana tilasta masa halartar taron faɗakarwa, kuma dokarsu ta 1995 ta ɗora wa dillalin gida alhaki tare da kamfanin waje, ta yadda wanda aka cinye wa albashi zai iya dawowa ya kai ƙarar dillalin da ya tura shi. Dillalin da ya san shi za a kama ba zai tura mutum inda bai bincika ba. Amma ba na son mu jingina komai ga gwamnati, domin ƙungiyoyin masu sana'a suna da rajistar membobi da shugabanni da hatimi, kuma babu abin da ya hana su ajiye tarihin kowane yaro daga ranar da aka kawo shi zuwa ranar yaye, su kuma nemi hukumar gwaji ta riƙa zuwa tana gwada yaransu rukuni-rukuni. Ga iyayen gida kuma, 'yan'uwana, na san wasunmu suna ƙin rubuta wa yaro wasiƙa don gudun kada ya tafi. Yaron da zai tafi zai tafi, bambancin kawai shi ne ko ta ƙofa ko ta hannun macuta.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Na farko, duk tallar aikin ƙetare da za a kawo wa wannan jarida, a nemi lambar lasisin dillalin da sunan kamfanin da zai ɗauki ma'aikatan a buga su tare da tallar, wanda ya ƙi bayarwa a mayar masa da kuɗinsa. Na biyu, a ware ɗan fili lokaci-lokaci da zai riƙa bayyana sauye-sauyen waɗannan dokoki da Hausa, tare da ranar da kowace ta fara aiki, domin yawancin waɗanda abin ya shafa ba sa iya karanta shafukan ofisoshin jakadanci, daga bakin dillali suke jin komai. Idan an buɗe filin, a shirye nake in aiko da samfurin littafin da nake amfani da shi a shagona. Yarana 4 kowa yana da nasa, ina sa musu hannu ranar ƙarshen wata, kuma babbansu zai zauna jarrabawar mataki na biyu a bana in Allah ya yarda.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai aikin wutar lantarki, mai karanta jaridarku.